Ciwon asma da neman aiki: A faɗa wa mai ɗauka ko a yi shiru?

Duk wanda ya san unguwar Kukuo da ke gabashin birnin Tamale, ya san ta da abubuwa biyu, wato tukwanen ƙasa da matan unguwar suka gada tun kaka da kakanni, da kuma Asibitin Koyarwa na Tamale da ke maƙwabtaka da ita, wanda aka buɗe tun shekarar 1974. A wannan unguwa ce wata Hajiya mai sana'ar hatsi, wadda kan sari masara da wake ta kai kasuwannin bakin iyaka, ta tare mu da wata tambaya bayan ta ji wani shiri da muka gabatar a rediyo game da yadda 'yan kasuwa za su kare kansu daga ƙurar hunturu. Ba ita kaɗai ta zo ba, tana tafe da ɗanta, saurayi ɗan shekara 23 da ya kammala babbar sakandare, yana riƙe da fom ɗin neman aikin akawun sito a wani kamfani da ke rarraba shinkafa da takin zamani.

A shafi na biyu na fom ɗin akwai tambayoyi biyu a jere. Ta farko tana tambaya ko mai neman aikin yana da wata nakasa, ta biyu kuma ko yana da wata cuta da ya daɗe yana fama da ita. Shi kuwa saurayin tun yana ɗan shekara 6 yake da ciwon asma. Yakan yi watanni bai ko tuna da shi ba, yana buga ƙwallo, yana taya mahaifiyarsa lodi, to amma da zarar iskar hunturu ta kaɗo, ko kuma an kunna wutar gasa tukwane hayaƙi ya turnuƙe unguwa, sai ƙirji ya riƙe, a kwana a zaune.

Kan gidan ya rabu. Hajiya ta ce ya rubuta babu a duka wuraren biyu, domin ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma ita ba ta taɓa ganin wanda ya je neman aiki ya daɓa wa cikinsa wuƙa da hannunsa ba. Kawunsa, wanda direban babbar mota ne, ya ce sam, ya rubuta cewa shi nakasasshe ne, saboda ya ji ana cewa yanzu gwamnati da ƙungiyoyin agaji suna fifita nakasassu wajen ɗaukar aiki. Shi kuma yaron ya rasa tudun dafawa. Kwana 9 fom ɗin ya yi a ƙarƙashin katifa.

Mun ga dacewar kawo maganar a wannan fili ne saboda ta shafi masu karatunmu ta fuska biyu. Da farko, da wuya a samu ɗan kasuwa a Paga ko Bawku ko Kulungugu ko Tatale, ko a can Cinkasse, Jibiya da Illela, wanda ba shi da ɗa ko ƙane da ke mafarkin sa kakin kwastan ko na shige da fice, ko samun kujera a banki ko asibiti. Na biyu kuma, wanda ba a cika tunawa da shi ba, shi ne su kansu 'yan kasuwar masu ɗaukar aiki ne. Su ke ɗaukar yaran shago, da 'yan dako, da karen mota, da 'yan mata masu auna hatsi, ba fom ba gwajin likita.

Kafin mu shiga batun doka, yana da kyau mu san mene ne ciwon. Asma ciwo ne na hanyoyin iska da ke cikin huhu. Cikin hanyoyin kan kumbura, tsokar da ta kewaye su ta matse, majina ta taru, sai iska ta rasa wajen wucewa. Daga nan sai tari, musamman da dare ko da asuba, da haki, da wata ƙara kamar fito a ƙirji. Abubuwan da ke tayar da shi sun bambanta daga mutum zuwa mutum: ƙura, hayaƙin itace ko gawayi, ƙunar daji, turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, gashin dabbobi, mura, sanyi, har ma da wasu magungunan ciwon jiki irin su asfirin ga wasu mutane. A yankinmu babban abokin gabar mai asma shi ne hunturu, wanda ke kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ya zuba mana ita daga watan Nuwamba ko Disamba har zuwa Fabrairu ko Maris.

Akwai kuma wata matsala da harshenmu ya haifar, wadda a ganinmu ta fi cutar da masu neman aiki a kasuwa fiye da kowace doka. Tsofaffinmu na kiran wannan ciwo fuka, sannan kuma ana kiran tibi tarin fuka. Saboda kusancin sunayen, da yawa daga cikin mutane na ɗauka abu ɗaya ne. Da muka buɗe layi a shirinmu na gaba, ba tare da mun ambaci sunan kowa ba, wani mai gidan abinci ya bugo ya ce shi ba zai ɗauki mai fuka ba, don kada ya shafa wa masu saye. To a sani, tibi ƙwayar cuta ce ke kawo ta, ana ɗauka ta iska, ana kuma warkewa bayan shan magani na wata 6. Asma kuwa ba a ɗaukarta ko da kwano ɗaya ake ci, ko ɗaki ɗaya ake kwana. Takan bi jinin gida, amma ba ta tsallakawa daga wani zuwa wani.

Ba kuma ƙaramin ciwo ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke da asma a duniya, kuma ta yi sanadin mutuwar mutum dubu 455 a wannan shekarar, galibinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu, inda ba a gano ciwon da wuri, ba a kuma samun magani yadda ya kamata. Ba a warkewa daga gare ta gaba ɗaya, amma ana iya danne ta har mutum ya yi rayuwarsa kamar kowa. Maganin shaƙa, wato inhela, iri biyu ne. Akwai mai buɗe hanyar iska nan take, irin su salbutamol da aka fi sani da Ventolin, wanda galibi shuɗi ne, akwai kuma mai rage kumburi da ake shaƙa kullum ko da ana jin lafiya, irin su beclometasone. Tun daga 2019 ƙwararrun duniya kan wannan ciwo suka daina ba manya shawarar dogaro da shuɗin kaɗai. Masu sha'awar ƙwallo za su tuna cewa Paul Scholes na Manchester United mai asma ne, haka ma David Beckham, wanda aka ɗauki hotonsa yana shaƙar inhela a bakin fili a 2009. A nan Ghana kuma asma na cikin cututtukan da inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka kafa da dokar 2003, ta ɗauki nauyin duba su.

Abin tambaya a nan shi ne, shin asma nakasa ce? Kundin tsarin mulkin Ghana na 1992 ya ware sashe na 29 domin haƙƙin nakasassu, sannan a 2006 majalisa ta yi Dokar Nakasassu mai lamba 715. Dokar ba ta jera sunayen cututtuka ta ce wannan nakasa ce, wannan ba nakasa ba ce. Abin da ta duba shi ne tasirin larurar a kan mutum, wato ko akwai tawaya a jiki, ko a ƙwaƙwalwa, ko a gani da ji da magana, wadda ta kai ga tauye wani babban ɓangare na rayuwarsa ta yau da kullum sosai da sosai. Ke nan mutum biyu na iya samun ciwo ɗaya, ɗaya ya shiga cikin ma'anar dokar, ɗayan bai shiga ba. Wanda asma ke kwantar da shi a asibiti sau da yawa a shekara duk da yana shan magani, wanda ba ya iya hawa bene ko tafiya daga Kukuo zuwa kasuwar Aboabo sai ya tsaya hutawa, yana da hujjar ya kira larurarsa nakasa, kuma babu abin kunya a ciki. Irin waɗannan ƙalilan ne. Amma saurayin da ke buga ƙwallo, yana ɗaga buhun masara, yana buƙatar inhela lokacin hunturu kawai, ba ma jin yana cikin waɗanda dokar take nufi.

Saboda haka shawarar kawu ba ta karɓu a wajenmu ba. Gaskiya ne dokar ta 2006 ta yi alkawarin rangwamen haraji ga wanda ya ɗauki nakasasshe aiki, ta kuma wajabta masa samar da kayan aikin da suka dace da shi. Gaskiya ne kuma ana ware wa nakasassu wani kaso daga asusun majalisun gundumomi. A Najeriya ma dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019 ta nemi ma'aikatun gwamnati su ware wa nakasassu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. To amma duk wanda ya zauna da makafi da guragu da kuramen Tamale, kamar yadda mukan yi a shirye-shiryenmu, ya san irin wahalar da suke sha kafin wannan ɗan abin ya iso hannunsu. Mai ƙarfi ya zo ya shiga layinsu don yana tari a hunturu, wannan cin haƙƙi ne. Ban da haka ma, ranar da aka ce ya kawo takardar shaida daga likita, me zai kawo?

Wasu daga cikin masu saurare da 'ya'yansu ke aikin jinya a Ingila sun ce can ai cika wannan gurbi ake yi ba fargaba. Haka ne, amma tsarinsu daban. Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta hana mai ɗaukar aiki ya yi tambaya kan lafiyar mai nema kafin ya yi masa tayin aikin, sai a wasu 'yan wurare da ta keɓe, misali idan ana so a san ko yana buƙatar wani taimako ranar ganawa. A Amurka ma dokar nakasassu ta 1990 ta hana tambayar lafiya kafin tayin aiki, kuma gyaran da aka yi mata a 2008 ya shigar da cututtukan da ke tashi su lafa, irin su asma. A can mutum na samun aikin tukuna sannan a yi maganar ƙirjinsa. A nan kuwa tambayar tana shafi na biyu, tun kafin a ga fuskarka.

Ba wai dokarmu ba ta ba da kariya ba. Dokar ta 2006 ta hana nuna wa mai neman aiki bambanci saboda nakasa, sai fa idan nakasar ta shafi ainihin aikin da ake nema. Dokar Ƙwadago ta 2003 mai lamba 651 ta ɗauki korar ma'aikaci saboda nakasa, ko saboda rashin lafiya na ɗan lokaci da likita ya tabbatar, a matsayin kora ba bisa ƙa'ida ba, ta kuma ɗora wa mai ɗaukar aiki nauyin kare lafiyar ma'aikatansa a wurin aiki. Dokar kare bayanan jama'a ta 2012 ta sa bayanin lafiyar mutum cikin bayanai na musamman da ba a yawo da su. Wanda aka zalunta yana iya kai kuka ga Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa ko hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta CHRAJ. Sai dai kuma mu faɗa wa juna gaskiya, a nan Hajiya tana da tata hujjar. Wanda aka kora yana da takardar kora da zai nuna. Wanda aka ƙi kira ganawa ba shi da komai a hannu, don ba wanda zai rubuto masa cewa asma ce ta sa aka jefa fom ɗinsa a kwandon shara. Ƙarfin doka ya fi yawa bayan an ɗauke ka, ba kafin nan ba.

Wannan ne ya sa muke ganin lokacin faɗa yana da muhimmanci kamar faɗar kanta. Idan aikin ofis ne ko na koyarwa ko na tsaron kanti, kuma fom bai tambaya ba, ba mu ga dalilin da zai sa mutum ya rubuta tarihin ƙirjinsa a wasiƙar neman aiki ba. Ya bari sai takardar ɗauka ta shiga hannu, sannan ya sanar da shugabansa na kusa. Amma idan an tambaya ƙarara, to kada a yi ƙarya. Galibin irin waɗannan takardu suna da wani layi a ƙasa, daidai inda ake sa hannu, da ke cewa duk bayanin ƙarya na iya jawo kora. Wanda ya rubuta babu, sannan ciwo ya tashi masa a gaban kowa bayan wata 4, ya miƙa wa kamfani sandar dukansa. Ba za a ce an kore shi don asma ba, za a ce an kore shi don ƙarya, kuma babu hukumar da za ta iya tsaya masa.

Inda maganar ta fi zafi shi ne aikin kaki. Dokar Ƙwadago ta 2003 da kanta ta ce ba ta shafi sojoji, da 'yan sanda, da gandirobobi, da hukumomin leƙen asiri ba. Waɗannan suna da nasu ma'aunin lafiya, kuma gwajin likita na cikin matakan ɗauka. Ba a nan kaɗai ba, rundunar sojan Amurka ma tana ɗaukar asmar da ta wuce shekara 13 da haihuwa a matsayin abin da ke hana shiga, sai an yi wa mutum sassauci na musamman. Dalilin a fili yake: gudu da sassafe cikin sanyi, rarrafe cikin ƙura, hayaƙi mai sa hawaye, da kwana a daji nesa da asibiti. Ga 'yan kwana-kwana kuwa hayaƙin ne ma wurin aikin.

Mun san abin da ke tura matasa ɓoyewa. Ranar 12 ga Nuwamban 2025 mutum 6 suka rasu a turmutsitsin neman shiga soja a filin wasa na El-Wak da ke Accra. Masu karatu na Najeriya ba su manta da 15 ga Maris na 2014 ba, ranar da masu neman aikin shige da fice suka mutu a turmutsitsi a Abuja da wasu garuruwa. Wanda ya ratsa irin wannan cunkoso ya kai gaban likita, da wuya a ce masa ya buɗe baki ya kayar da kansa. Har mun ji labarin masu shaƙar inhela a bayan gida kafin a kira sunansu, don kada likita ya ji ƙarar ƙirji. To amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Likitan ana iya yaudararsa na minti 10, filin horo kuwa na watanni ne, kuma wanda ya ɓoye ciwonsa dole ya ɓoye maganinsa. Idan ya faɗi a tsakiyar gudu, kofur ɗin da ke kansa zai ɗauka lalaci ne, ya ƙara masa zagaye. Iyayen da ke sayar da shanu ko kayan shago don ɗansu ya samu shiga, su sa wannan a cikin lissafi.

Akwai kuma ayyukan da su ne da kansu ke haifar da ciwon ko su tsananta shi, kuma mafi yawansu a kasuwanninmu suke. Masana cututtukan huhu sun ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin kowane mutum 6 da asma ta kama da girmansu, wurin aiki na da hannu a ciki. Ba sabon ilimi ba ne, tun a shekarar 1700 wani likita ɗan Italiya mai suna Ramazzini ya rubuta yadda garin fulawa da ƙurar hatsi ke sarƙe numfashin masu burodi da masu tankaɗe. A wajenmu sai a ƙara da injin niƙa, da injin casar shinkafa, da ƙaiƙayin sheƙa, da garin katako a wajen kafintoci, da fentin feshi na masu gyaran mota, da siminti, da maganin ƙwari da ake barbaɗa wa buhunan wake a sito, da hayaƙin masu suyar ƙwarar kaɗanya. Alamar da ake ganewa ita ce mutum ya ji sauƙi ranar hutu ko idan ya yi tafiya, ya dawo aiki abin ya dawo. A irin waɗannan wurare faɗa tun kafin a fara aiki ba don amfanin mai kamfani ba ne, don amfanin mai ƙirjin ne. Wani lokaci tebur ɗaya da aka matsar daga cikin sito zuwa bakin ƙofa shi ne bambancin lafiya da gadon asibiti.

Yanzu bari mu juyo kanku, ku iyayen gida da uwayen ɗaki na kasuwa. A wajenku ba a cika fom. Yaro kan zo ta hannun ɗan'uwa ko limamin unguwa, a ce ga shi amana, a yi masa kallo ɗaya a ga yana da ƙwanji, shi ke nan. 'Yan matan da ke barin ƙauyukan arewa su tafi Kumasi da Accra aikin kayayo ma haka ne, ba mai tambayarsu lafiya. Idan yaro ya ga an sallami wani don ya yi rashin lafiya na kwana 3, to ya koyi darasi, ba zai taɓa faɗa ba. Zai riƙa shiga bayan shago yana shaƙar magani a ɓoye kamar mai shan ƙwaya, wani ma har a zarge shi da hakan. Sannan wata rana a dare, mota ta lalace a kan hanyar Tamale zuwa Paga, tafiyar kimanin kilomita 200, ko ana kwana a layin kwastan cikin sanyi da hayaƙin manyan motoci, ciwo ya tashi, ba wanda ya san abin da ke faruwa, ba wanda ya san a wane aljihu inhela take. Amanar da aka ba ka ce kwance a ƙasa, kuma kai za ka je ka yi wa iyayensa bayani.

Tambayar yaro ba ta cin ko sidi ɗaya. A tambaye shi a keɓe, ba a gaban sauran yara ba, a kuma fara da gaya masa cewa amsar ba za ta raba shi da abincinsa ba. Idan yana da ita, a duba aikin da ya dace da shi: ƙirga buhu maimakon zazzage shi, karɓar kuɗi maimakon shara, zaman gaban mota maimakon saman kaya. A sabunta masa katin inshorar lafiya, a kuma daina tsorata shi da cewa wanda ya fara inhela ba ya rabuwa da ita. Inhela ba ta kama jiki kamar taba. Abin da ke kashe mutane shi ne rashinta.

Duk wanda ke da mai asma a shago ko a mota ya kamata ya san abin yi. A zaunar da shi a miƙe, kada a kwantar da shi, a janye shi daga ƙura ko hayaƙi, a kuma hana jama'a yi masa rumfa. A ba shi shuɗiyar inhela, feshi ɗaya ya shaƙa, a jira rabin minti zuwa minti ɗaya a sake, har zuwa sau 10 idan da buƙata. Maganin ya fi shiga huhu idan an yi amfani da ɗan bututun da ake haɗawa da inhela, in babu shi ana iya huda gindin tsaftatacciyar robar ruwa mai rabin lita a sa bakin inhela a ciki, ya shaƙa ta bakin robar. Likitocin yara a Afirka ta Kudu sun gwada wannan dabara tun 1999 sun ga tana aiki. Idan bai iya ƙarasa magana ba sai ya tsaya, ko leɓensa ya sauya launi, ko magani bai yi komai ba, to sai asibiti mafi kusa ba tare da ɓata lokaci ba. A Ghana ana iya kiran 112. Ba lokacin ɗura masa ruwa ko turara masa hayaƙi ba ne.

Shi dai saurayin Kukuo, da ya gama jin ra'ayin kowa, ya tsallaka asibiti ya ga likita. An duba shi, an ƙara masa inhelar da ake shaƙa kullum, wadda bai taɓa amfani da ita ba duk tsawon shekarun nan, aka kuma rubuta masa 'yar takarda da ke nuna yana da asma, yana karɓar magani, kuma zai iya aikin akawu muddin ba a cikin ƙura zai wuni ba. A gurbin nakasa ya rubuta babu. A gurbin cuta ya rubuta asma, ya ƙara da cewa tana ƙarƙashin kulawar likita, ya maƙala takardar a baya. Ya ce mana idan aka kira shi, abin da zai fara tambaya shi ne ko teburin akawu yana cikin siton taki ne ko a waje.

Har zuwa lokacin haɗa wannan rahoto ba a kira shi ba, ba a kuma ce an rufe ɗauka ba. Hajiya na nan a kan bakanta cewa ya yi wauta, kawu kuma ya ce ya yi asarar dama. Sai dai a makon da ya wuce ɗaya daga cikin 'yan dakonta, wanda ya shekara 2 yana yi mata lodi, ya same ta bayan sallar Magariba ya ce, Hajiya, shi ma fa yana da irin ciwon ɗanta, a cikin safa yake ɓoye maganin. Ta ce mana ta yi masa faɗa sosai a kan me ya sa bai faɗa ba tun tuni. Da muka tuna mata shawarar da ta ba ɗanta, sai ta ce ai wannan daban, wancan daban. Ta dai cire yaron daga zazzagar masara ta mayar da shi riƙe littafin ƙirga, kuma shi ne ya zauna a gaban mota ranar Talata da suka tashi da buhu 60 zuwa Paga.